Igiyar Kunnen Inna

Tun da na yi wayo, rediyon gidanmu na Ƙaura bai taɓa wuni a gida ba. Na Baba ne, baƙi, mai rigar fata da maratayi, kuma duk inda Baba ya sa ƙafa yana rataye a kafaɗarsa. Da shi yake fita rumfarsa ta hatsi, da shi yake shiga motar Kasuwar Daji, ranar Alhamis kuma su tafi Shinkafi tare. Mun sha tsokanar Inna cewa rediyon ya fi ta sanin gari.

Saboda haka Inna ba ta jin labarin duniya sai daga bakin Baba. Bayan azahar zai yi sallama, ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye kwano, ta koma gefe da faifan wakenta, ta ce, "Malam, mi anka ce yau?" Shi kuma ya wanke hannu, ya gyara murya, ya fara. Baba bai iya ba da labari babu gishiri ba. In rediyo ya ce ruwa ya ci gonaki a wata ƙasa, kafin labarin ya iso tabarmarmu ƙasar duka ta nutse. Inna na tsintar wake tana cewa "To fa!" da "Ikon Allah!", kowanne a inda ya dace. Shekara da shekaru haka suke hirarsu, kuma ban taɓa ganin sun yi wata doguwar hira da ta wuce wannan ba.

Ni na ɓata lamarin, ba da niyya ba. Da na fara koyarwa a Zurmi, sai na saya wa Inna 'yar ƙaramar waya mai tocila don in riƙa jin muryarta. Mai shagon ne ya nuna mini cewa akwai rediyo a cikinta, amma ba ya magana sai an soka igiyar nan ta kunne, don ita ce eriyarsa. Na koya wa Inna ina ganin na yi abin kirki.

Cikin kwana biyu ta gano cewa tashar ta fi fita tangaran a gindin rumbu. Nan ta mayar da turminta. Igiyar ta bi ta ƙarƙashin ɗankwali, ba mai ganinta, sai dai kana zaune ka ji Inna ta tsayar da taɓarya ta ce wa turmi, "Innalillahi!" Akuyarmu har ta daina razana.

Wata Asabar ina gida, Baba yana ba da labarin wani taron shugabanni da aka watse ba a daidaita ba. Ya kai inda ɗayansu ya fusata, ya cire hula ya buga da ƙasa. Inna, ko kai ba ta ɗaga daga faifai ba, ta ce, "Malam, ba a ce an yada hula ba. Cewa anka yi za su sake zama."

Baba ya tsaya da loma a hannu. Ya ce, "Wa yah hwaɗa miki?"

Ta taɓa kunnenta.

Na yi dariya har da ƙwalla, ban ɓoye ba. Washegari ma ta sake gyara masa wata magana kan farashin taki, kuma ita ce da gaskiya. Ba don cin fuska take yi ba. Murna ce ta mutumin da ya daɗe ana ba shi labari, yau shi ma ya samu abin cewa.

Da na dawo mako na gaba, na tarar gidan ya yi wani iri. Baba ya shigo, ya ajiye rediyonsa a kashe, ya ci tuwonsa shiru. Inna ta ce, "Mi anka ce yau?" Ya ce, "Ai kin jiya." Ya tashi ya fita. Ban taɓa lura cewa Baba ya tsufa ba sai ranar, da na bi bayansa da kallo. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji kunyar dariyar da na yi.

Inna ta miƙo mini wayar. "Ke, hidda min rediyon ga daga cikin wayag ga."

Na ce ba ya fita, da shi aka ƙera ta. In ba ta so, ta daina soka igiyar kawai. Ta riƙa juya igiyar a hannu. Can ta tashi, ta ɗauko ƙullin busasshiyar kuɓewa, ta ɗaure bakinsa tamau da igiyar, ta rataye a ƙusar da ke daidai inda Baba yake fuskanta in ya zauna. Kawunan nan biyu na kunne suna reto.

Washegari Baba ya zauna, ya ga ƙullin, ya yi kamar bai gani ba. Inna ta yi tambayarta. Ya daɗe yana wanke hannu. Sannan ya gyara murya. A ranar, in ban manta ba, shugabanni uku ne suka yar da huluna, Inna kuwa ta ba kowace hula "To fa!" ɗinta.

Na ji daɗi, amma abin ya tsaya mini a rai. Na san yadda take son gindin rumbun nan, ga shi ta haƙura da shi saboda Baba ya samu bakin magana.

Bayan kaka na zo hutu ba tare da na sanar ba. Na tarar da Inna a gindin rumbu tana daka, tana gyaɗa kai ita kaɗai. Kuɓewar na nan a ƙusarta da baƙar igiyarta. Wata fara sabuwa ce ta leƙo ta gefen ɗankwali.

Na ce, "Inna! Ashe ɓoyo kike yi? In Baba ya gani fa?"

Ta zare ɗaya daga kunne, ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Babanku yas sawo min ita Shinkahi. Yac ce in ta ji da sahe yadda nika so. Amma in ya zo hwaɗin nashi, in bar shi ya kai ƙarshe."

Sai ga sallamarsa a zaure. Inna ta tura igiyar cikin ɗankwali, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko faifai.

"Malam, mi anka ce yau?"

Baba ya dubi ɗan farin da ya rage a gefen kunnenta, ya wanke hannu, ya gyara murya.