Ranar da Wanki Ya Hana Ni Ganin Giwa

Wata Asabar ce cikin bazara, shekarar ostariti, lokacin da sabulu ya fi nama wuyar samu. Tun da aka idar da sallar asuba nake zaune a bayan a-kori-kurar Kawu Sale, a ƙofar gidanmu a Durun, na sha kitso da lalle, atamfar jikina ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Shekarata goma sha ɗaya, kuma Kano za mu, gidan zu, ganin giwa.

Ni ban yi boko ba, amma a baki babu mai kayar da ni sai Ladi, 'yar malamin firamare, mutanen Filato. Kullum muka haɗu a rijiya sai ta tuna mana ta ga giwa a Jos. Na doki ƙirji gaban 'yan mata na ce ni ma zan gani, kuma labarin da zan kawo sai ya binne nata.

Ƙunsunan da mata suka yi ta lodawa a mota na ɗauka guzuri ne. Muna gangara wani tudu sai ga dam, ruwa iya ganinka, bakinsa rairayi fari tas. Mu kuwa rijiyarmu sai an zura guga sau uku kafin ƙwarya ta cika. Gwaggo Abu, yayar babanmu, ta daki rufin mota: "Sale, tsaya! Wa zai wuce wannan ruwa da datti a hannu?" Ashe sandar sabulu guda aka samo mata, ita da sauran mata suka ƙulla abinsu tun jiya.

Jama'a, wanki! Zannuwa, labulen ɗaki, rigunan gona, har bargon Baba da rabonsa da ruwa tun ina goye. Kawu ya ga haka ya kama wanke mota. Baba ya samu inuwa ya miƙe. Ƙannena suka tuɓe suna iyo, suna gina rumbuna da rairayi. Ni kaɗai ke tsaye ina kuka, Inna tana murza zane tana cewa, "Ke Hansai, giwar tashi sama za ta yi?" Ana haka wani ƙanena ya watso min taɓo. Gwaggo ta tuɓe min atamfar ta haɗa da sauran. Na zauna ƙudundune cikin mayafin Inna ina gadin shanya. Aka yi azahar, aka dama fura, aka yi la'asar, bargon nan ya ce shi bai san zancen bushewa ba.

Muna isa Kano mai gadi yana jan ƙofa. Baba ya ce, "Malam, a taimaka, tun daga ƙasar Kabo muke." Ya ce, "Alhaji, ko daga Makka kuke, dabbobi sun tashi aiki." Wani abu ya yi gurnani daga ciki, sau ɗaya. Iyakar rabona ke nan.

Washegari a rijiya na ƙi ba da kai. Na zuba labari, na ba giwa tsayin rimi, na sa ta cinye damin kara gabana. 'Yan mata suka saki baki. Sai Ladi ta ce, "Hancinta fa?" Na ce, "Hanci kamar na kowa mana." Dariya ta yi har guga ya kuɓuce mata ya faɗa rijiya. Har aka kai ni ɗakin miji ana ce min Hansai mai giwa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a maza suka cika motoci zuwa Kano. Na ce da maigidana ya tafi da ni ya ajiye ni ƙofar gidan zu. Ya ce, "Ana maganar addini, kina maganar giwa?"

Yanzu famfo yana bayan gidanmu, babu mai ɗaukar ƙunshin wanki zuwa ko'ina, jikokina ma ba su san a zauna gadin shanya ba. Giwa dai har yau ban gan ta ba, kuma in na tuna sai raina ya ɓaci sabo fil. Amma matan nan da suka cuce ni duk sun riga mu gidan gaskiya, babu sauran wadda zan yi wa ƙorafi ta ce min in rufa mata baki. Haushi ma ashe yana son abokin yi.