Ranar da Na Zama Ɓarawon Akuyata

Akuyar ja ce, mai farin goshi, kuma tana da ciki. Wanda ya kwance ta ya kai kasuwar Iware ba baƙo ba ne. Jikana ne, ɗan ɗana na fari, wanda na goya tun da uwarsa ta rasu. Daga akuya ya wuce zuwa fasa shago tare da abokan shaye-shaye, hukuma ta kama su, aka kai shi gidan gyaran hali. Da aka sako shi, ya zo ƙofar gidanmu a Majidaɗi ya yi sallama. Ina ji, ban amsa ba. Ubansa ya ce magana tana hannuna: in na ce ya shigo, ya shigo, in na yi shiru, ya nemi wurin kwana. Na yi shiru. Damina ta faɗi ta same shi yana kwana a tashar masu keke.

Maƙwabciyata 'yar ƙabilar Kona ce, doya take sayarwa, Hausarta ba ta raba mace da namiji. Wata Asabar ta leƙo.

"Mama, ka zo ka ga yaronka. Yana dirama a firamare."

"Ya gama sata, ya koma shashanci ke nan."

"Ka zo dai. Ƙafanka ba zai karye ba."

Na yafa mayafi na bi ta.

A gindin mangwaro aka jera bencuna. Wata malama, yarinya ce ma a idona, ita ke tara yaran da suka fito daga hannun hukuma da waɗanda titi ya riƙe, su ɗauki abin da ya same su su mai da shi wasa. Ta faɗa mana doka: duk wanda ya ga an kauce hanya, ya tafa hannu, a tsaya, ya shigo ya nuna yadda ya kamata.

Sai ga wata tsohuwa ta fito, zani har ƙirji, hannu a kan ƙugun hagu. Tana tafe tana yi wa akuya faɗa da Fulatanci. Jikana ne. Ni dai ban taɓa ganin bayana ba, amma ran nan na ga kaina ina tafiya. Aka sace akuyar, tsohuwar ta ɗauko ruwan dusa ta kai turke, ta tarar ba komai, ta tsaya da ƙwarya a hannu. Haka na yi kwana da kwanaki, ina tsammanin Allah kaɗai ke ganina. Ashe yaron yana gani, yana ajiyewa.

Can wani yaro da ya fito a ɓarawon ya dawo gida. Hannu a aljihu, ƙirji a gaba, ya jefa sallama kamar mai kiran ɗan acaɓa. Ban san lokacin da na tafa ba.

"Ba haka ake komawa gida ba."

"To, Kaka, bismilla," in ji malamar.

Na ɗauka wurin tsohuwa za a ba ni, tunda nawa ne. Ta ce a'a, wanda na ce ya yi kuskure, shi zan canza. Ta cire hular yaron ta ɗora mini a kan ɗankwali. Jama'a suka yi ta dariya, wani ya ce a riƙe awaki, ga gwana ta iso.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na yi sallama. Tsohuwar ta ba ni baya, ba ta amsa ba. Na sake. Shiru.

Benci biyu ne aka ce su ne ƙofa, ko ɗan yaye zai tsallake. Amma wallahi na kasa. Na tsufa ina ganin shiru ba ya dukan kowa. Sai da na durƙusa ta waje na ji nauyinsa, kamar an ɗora mini dutsen niƙa a wuya. Dariyar ta mutu.

Malamar ta matsa kusa da jikana, ta ce a hankali, "Tsohuwa, me ya hana ki amsawa?"

Sai ya yi magana da muryata, har da 'yar shaƙewar da nake yi.

"Ba akuyar ba ce. Tsoro nake ji in amsa, ya sake."

Wannan magana ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni kaina ban san haka take ba sai da na ji ta a bakinsa. Kuma ga shi ni ce ɓarawo, ni ake jira. Na lalubi rantsuwar da za ta isa, ban samu ba, domin babu mai riƙe da gobe.

Na ce, "Ba ni da rantsuwa, Kaka. Sai dai ki gwada ni."

Ya juyo, fuskarsa jiƙe, ya janye benci ɗaya da hannunsa.

Da aka tashi, ya tsaya nesa yana naɗe zanin. Na kira shi da sunan da kaka ke tsokanar jika da shi.

"Kai, mijin banza. Wa ya ce maka haka nake ɗingishi?"

"Ai na rage ma, amarya, don kada a yi miki dariya."

"Ɗauko mini takalmina. Kuma wanka za ka fara yi, warin tasha kake."

Muka taho a ƙasa, maƙwabciyata a gaba tana ba duk wanda ta gamu da shi labari. Ubansa na zaune a zaure yana jin rediyo. Ya dubi yaron, ya dube ni, ya rage muryar rediyon, ya matsa gefen tabarma.