Tarin Kaka da Sunan Kakana

Da matata ta haifi namiji a Samaru, na ci alwashin sai na sa masa sunan kakana, mahaifin babana. Sai da na gama cika baki a gaban surukai na gane ban san sunan ba. Babana ya rasu, ƙannensa kuma “Baba” suka tashi suna ji. Sauran duniya Mai Usur take ce masa, don a tashar jirgin ƙasa ya yi aiki.

Na tafi unguwar PZ wurin wani tsoho ɗan kudu mai sayar da fitilu, wanda aka ce aminin kakana ne. Ya dafa ƙirji ya ce tare suka ci tuwo shekara da shekaru, yaya za a yi ya manta? Na matso. Ya ce, “Sunansa Aboki.”

Saura Kaka, matar marigayin, a Muchia. Ita ta sani sarai, amma macen zamaninsu ba ta faɗin sunan miji.

“Kaka, mutumin nan ya daɗe a ƙasa.”

“To mutuwa saki ce? Tashi ka ba ni wuri, marar kunya.”

Na kawo dabara: zan jero sunaye, in na zo kan nasa ta yi tari. Ta yarda. Abin da ban lissafa ba, Kaka na fama da mura. Na kira na farko, ta yi tari. Na biyu, tari. Har sunan wani ɗan ƙwallo na jefa don gwaji, shi ma ta tabbatar min kakana ne. Raina ya ɓaci, ga ranar suna ta matso, ga surukai na jira.

Sai a hanyar komawa, cikin a-daidaita-sahu, na tuna akwai suna ɗaya da ba ta yi tari a kansa ba. Haɗiye tarin ta yi, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane. Wannan sunan na raɗa wa liman ranar suna.

In za ka fara neman asalinku, je wa tsofaffi tun suna da rai, kuma ka lura da inda suka yi shiru. Kaka na kiran ’ya’yan jikokinta da sunayensu, har maƙwabta su ji. Nawa kuwa, da aka miƙa mata shi aka faɗi sunan, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Har ta bar duniya ba ta kira shi ba ko sau ɗaya.