Tsohuwar da ta Kawo Amarya Tafki

A bakin tafkin bayan cocinmu na gan ta, doguwar tsohuwa mai takalman roba har gwiwa, cikin kwat ɗin maza da ya yi mata yawa. Ta rungumo suwan, farar tsuntsuwar ruwan nan mai dogon wuya, a naɗe cikin bargo kamar jaririya.

Wani namijin suwan yana can tsakiyar ruwa shi kaɗai. Tun da wayar lantarki ta kashe matarsa bara ya rage cin abinci, ko agwagwa ba ya bari ta matso shi.

"Inna Jadwiga, wannan angon zai kashe miki amarya!" in ji wani mai kamun kifi.

"Rufe mana baki, Zbigniew. Kai ma ai an samu mai zama da kai."

Ta durƙusa da ƙyar, ta kwance bargon, tsuntsuwar ta shiga ruwa. Namijin ya taso a fusace, fukafukai a buɗe, yana huci. Tsohuwar ba ta motsa ba. Ban san ta ba, amma ina jin ta daɗe tana dafa abincin mutum ɗaya.

Da ya iso, sai ya tsaya cak. Ya sauke fukafukai, ya tsoma kai a ruwa, macen ma ta tsoma. Suka jera suka nufi cikin ciyayi.

Tsohuwar ta zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana dariya tana share ido.

"Zbigniew, zo ka ɗaga ni. Gwiwoyin nan sun ƙi."