Isyaku Direba da Ruwan Lagireto

Shekara ashirin da biyu Malam Isyaku ya yi yana tuƙa Alhaji Abdulmuttalib, wani dillalin fata a Yakasai. Isyaku mutumin Bichi ne, ɗan makiyayan da suka daina yawo suka kama noma. Ya shigo birni yana saurayi, ya koyi tuƙi, ya auri Dije, suka zauna a Shahuci.

Motar da aka san shi da ita wata ja ce 'yar Jamus, mai ƙofa biyu da kujera biyu, rufinta yana naɗewa baya. Alhaji ya saye ta a 1977. Lungun gidansa ba ya ɗaukar mota, don haka a wani kango a bakin titi take kwana. Kullum da safe, tun injin yana da sanyi, Isyaku zai ɗaga bonet ya buɗe murfin lagireto ya leƙa. Idan ruwan ya yi ƙasa, sai ya ɗauko galan ɗinsa na koren ruwan sanyaya inji da ya surka, ya zuba a hankali har ya kai layi. Ba ya yarda da ruwan rijiya, yana cewa tsatsa yake bari a ciki. Daga nan ya matsa tiyo da yatsa, ya durƙusa ya duba ƙasa ko ta ɗiga.

Da motar ta tsufa sai ta fara shan ruwa. Alhaji ma ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, magana ta ɗauke, fitarsa ta koma asibiti kawai. Isyaku bai fasa dubawar safe ba.

A 1999, da sojoji suka miƙa mulki, Jafaru, babban ɗan Alhaji, ya ci kansila. Ranar da aka rantsar da su ya ce da jar motar zai zaga gari, a naɗe rufin ya tsaya yana ɗaga wa jama'a hannu. Isyaku ya gaya masa cewa motar ba ta son tafiyar hawainiya cikin cunkoso, ga zafin bazara, ga tiyon ƙasa yana tsattsafo. Jafaru ya yi dariya ya ce awa ɗaya ce kawai. Isyaku ne ya riƙa kai shi firamare a wannan motar, bai iya ce masa a'a ba. Ya cika ruwa, ya sa galan a but.

Sun kusa Ƙofar Mata allurar zafi ta hau ja. Isyaku ya gangara gefe ya kashe injin, ya ce sai an ba ta rabin awa ta huce. 'Yan acaɓa sun kewaye su suna ta hon, makaɗa na kiɗa, motocin baya sun tsaya cak. Jafaru ya sunkuyo, gumi na zuba a sabuwar rigarsa.

"Baba Isyaku, kada ka kunyata ni yau. Ka zuba mata mu tafi."

Isyaku ya san abin da ke ƙarƙashin murfin nan, ya sha hana wasu taɓa shi da zafi. Duk da haka ya cire hularsa ya naɗe hannu da ita, ya murɗa kaɗan don tururin ya fita. Murfin ya tsufa, ya ƙwace gaba ɗaya. Tafasasshen ruwa ya watso masa a fuska da ƙirji.

Masu rini na marinar Ƙofar Mata ne suka ɗauke shi, hannayensu duk shuɗi, suka sa shi a tasi zuwa asibiti. Jafaru ya hau bayan wata a-kori-kura aka ci gaba da zagayen.

Wata biyu ya yi a kwance. Idon dama ya tafi, na hagu yana gani dishi-dishi, tuƙi ya ƙare ke nan. Jafaru ya aiko da buhun shinkafa da gaisuwa, amma bai zo ba. Dije ta so ta je ta faɗa masa magana, Isyaku ya hana ta.

"Hannuna ne ya buɗe, Dije. Ba wanda ya kama mini shi."

Da ya samu sauƙi ta riƙe shi suka je Yakasai. Alhaji ya daɗe yana kallon tabon fuskarsa, ya kama hannunsa da hannun da ke motsi, hawaye na bin gemunsa. Kafin ƙarshen damina Alhaji ya rasu. Magada suka sayar wa 'yan kayan gyaran mota na Ƙofar Ruwa motar, aka farke ta aka sayar da kayan.

Isyaku ya samu aikin gadin rana a wata Islamiyya kusa da gidansa. Yakan zauna a benci, yana gane malamai da muryarsu kafin su iso. Shekara huɗu ya yi a nan. Ya rasu wata Laraba bayan zazzaɓin kwana uku, Dije kuma ta koma Bichi wajen 'yarsu Hajo.