Likita Abdulhamid, Na'urarka Tana Nan Cikin Leda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, 14 ga Yuni 2025, da la'asar labari ya iso mana Tasawa cewa Allah Ya yi wa Likita Abdulhamid Na Allah rasuwa a hatsarin mota, a hanyarsa ta dawowa daga Maradi. Ni Ramlatu, mai taya shi aiki a ɗakin haƙori na ƙaramin asibitin ƙungiyarmu, har yau raina bai kwanta ba.

Likita, kai ne ka gaji da tura makiyayan Issawane da manoman Kanan-Bakashe Maradi don ɗaukar hoton haƙori ɗaya. Ka san rabinsu ba sa zuwa; gida suke komawa su ɗaure haɓa da rawani, su yi ta haƙuri. Ka bi masu taimako har aka samo na'urar hoto. Da hannunka ka ja wayoyin rezo na intanet daga ɗaki zuwa ɗaki, kana bisa tsani babbar riga a naɗe, muna yi maka dariya. Ka sa aka kafa faranti mai aiki da rana, don kada yankewar kuran, wato wutar lantarki, ta tsayar da mu. Ka zaunar da ni gaban kwamfuta, ni da nake tsoron taɓa ta, har na iya tura hoto ga ƙwararre.

Komai ya kammala, sai kwamitin ƙungiya suka ce ba a taɓa na'ura sai babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle. Aka mayar da ita cikin ledarta, aka kulle ɗaki. Yau baƙo ya yi tafiya, gobe ba a gama ɗinkin anko ba. Wannan abu ya ƙona mini rai, kuma yana ci gaba da ƙona shi.

Ina tune da Baba Illo, dattijon makiyayi da ya zo da kumburarren muƙamuƙi. Ya dubi ƙofar ya ce, "Likita, abin yana ciki, ni ina waje, mi ya raba mu?" Ka ba shi magani, ka ce ya dawo. Roƙon a sa ranar bikin buɗe ɗakin ne ya kai ka Maradi, ba ka dawo da ƙafarka ba.

A zaman makoki na ji shugaban kwamiti yana cewa za a ɗage bikin, a sa wa ɗakin sunanka. Ba suna ka nema ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi wahalarka a matsayin sadaka mai gudana. Ya ba matarka Hajiya Asiya da yara da dukan dangi haƙurin rashinka.

Baba Illo ya dawo jiya, kumburin ya kai wuya. Na karɓo makulli ban nemi izinin kowa ba, na yage ledar.