Baba Ummaru Afareta ya tafi bai ƙarasa wa Inna Kulu fim ɗinta ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar yau ina cikin buɗe shago, ko janareto ban tayar ba, aka kira ni aka ce Baba Ummaru Afareta ya rasu. Sai da na sa aka maimaita. Na zauna a kan benci da kwaɗon shago a hannu, na rasa me zan yi da shi.

An kai shi makwancinsa kafin azahar. Yanzu na dawo daga gidan gaisuwa, kuma na kasa yin shiru.

Yaran yanzu kun san shi ne kawai a matsayin tsohon nan da ke zama bakin shagona yana cewa ku rage ƙarar waya. Ku tambayi iyayenku wa ke haska musu fim lokacin da Gusau ke da silima.

Tamu ba ta da rufi. Doguwar katanga ce, da farin bango, da benci. In fim ya tsinke ana tsakiyar faɗa, sai gida ya ɗauki ihu gaba ɗaya: "Afareta! Afareta!" Har da zagi, har da jifa da ɓawon rake. Shi kuwa yana can sama a ɗan ɗakin inji mai zafi kamar tanda, yana manne fim ɗinsa hankali kwance.

A hannunsa na koyi aiki. Ranar da mahaifina ya ji a silima nake, ya rantse na zama ɗan iska, ya ce kada in sake taka masa gida. Baba Ummaru ya hau mota har Bungudu, ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Malam, ɗanka bai shan komi. Kuma ba mu kunna inji sai mun yi isha'i."

Da wannan maganar na koma gidanmu. Ban taɓa mantawa ba.

Sai bidiyo ya zo, sai kaset, sai gidajen kallon ƙwallo, sai waya. Benci ya riƙa yin fili har aka sa kwaɗo. Ni na bi zamani, yau tura finafinai nake yi a memori da cajin waya. Shi ya ƙi, ya koma gyaran rediyo da fanka. In ya ga matashi ya sunkuya kan waya sai ya ce, "Mi kake gani cikin wanga ɗan abu? Mu jarumi guda ya hi ɗakin uwarka tsawo."

Amma ba wannan ne ke ci mini rai ba yau. Matarsa ce, Inna Kulu.

Inna Kulu ba ta taɓa taka ƙofar silima ba. A zamaninsu matar aure ba ta zuwa. Sai dai babu fim ɗin da aka haska a gidan nan da ba ta sani ba, domin kowace safiya, tana dama koko, yana zaune kan turmi yana ba ta labarin na jiya, har da kwaikwayon muryar mugu. Da aka rufe silima bai daina ba. Ya riƙa zuwa shagona ya kalli wani fim, yana tsaki saboda ƙanƙantar allon, ya kai mata labarin.

Ɗansu ɗaya ne namiji, Nasiru, mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye. Daminar da ta wuce waccan, yana dawowa daga Tsafe, 'yan bindiga suka tare motarsu suka shiga daji da su. An yi duk abin da za a iya. Daga baya lambar da 'yan bindigar ke kira da ita ta daina shiga. Har yau ba gawa, ba labari.

Inna Kulu ta daina cin abinci. Ta rame har zane ba ya zama a jikinta, idanunta ma suka soma dushewa. Abu ɗaya ke sa ta kurɓi koko, shi ne in Baba ya zauna kan turmi ya fara labari.

Daga lokacin ya canja abin da yake nema a wurina. Ya ce, "Lawwali, nemo min wanda yaro ka ɓata ya dawo gida." Irinsu suna da yawa a na Indiya. Na tura, na tura, har suka ƙare.

Juma'ar da ta wuce ce ganina da shi na ƙarshe. Bayan masallaci ya ce in ɗauke shi a mashin in kai shi tsohon gidan silimar. An yanka gabansa an yi jerin shaguna, ciki kuma ya zama sito na buhunan masara da taki. Farin bangon na nan, ya yi dauɗa, an jingina masa buhuna har rabi. 'Yan tagogin da haske ke fita ta cikinsu an toshe su da bulo. Ya daɗe yana kallonsu.

Sai ya ce, "Na hwara ma Kulu wani sabo. Wanga nawa na, ni nir rubuta shi cikin kaina."

Na ce, to ya zai ƙare, Baba?

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba. Ya ce, "Nan aka samu matsala. In na shigo da yaron gida, za ta ce namu hwa? In na kashe shi, na kashe ta. Shi ya sa kullum na kawo shi kusa sai in ce him ya tsinke, sai gobe."

Muka fito. Na saya masa rake a bakin titi, ya ce haƙoran sun tafi tare da silima. Muka yi dariya, na sauke shi a ƙofar gida.

Wallahi da ƙafarsa ya shiga, ba ciwon da na gani.

Yau bayan an dawo daga maƙabarta aka ce Inna Kulu na kirana. Na shiga, na durƙusa daga bakin ƙofa. Turmin na nan inda yake a tsakar gida. Kwanon kokonta na gefe, ba a taɓa shi ba.

Ban gama gaisuwa ba ta ce, "Lawwali, ya bar min yaron bakin gulbi, ruwa ya cika."

Na ce, Inna, ai fim ɗin…

Ta katse ni. "Na sani. Wace Indiya ad da dutsen Kwatarkwashi? Tun ranar hwarko nig gane nashi na. Amma muddin yaron na tahiya, ni ma ina jin nawa na tahiya."

Sai ta juyo da idanun nan da ba sa gani sosai ta ce, "To yanzu wa zai hayar min da shi?"

Jama'a, ina da dubban finafinai a kwamfuta, amma ban iya ba da labari ba. Ko 'ya'yana ba sa tsayawa su ji nawa. Duk da haka na ce mata gobe da safe ina nan tafe, a ajiye mini turmin. Ta sa hannu ta jawo kwanon kusa da ita. Ba ta sha ba tukuna.

Ban san yadda ake hayar da yaro gulbin da ya cika ba, kuma ban san inda zan ce fim ya tsinke ba. Wanda ya iya manne shi yana kwance ƙarƙashin ƙasa.

Allah Ka jiƙan Baba Ummaru, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa fiye da yadda ya haskaka mana bangon nan. Allah Ka ba Inna Kulu ƙarfin cin abinci.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ka wuce da alamar kuka kawai. Ka yi wa Baba addu'a, ka sa Nasiru da duk waɗanda ke hannun mutanen daji a cikin sujadarka. Allah Ya shigo da Nasiru ta ƙofar gidan nan da ƙafarsa, uwarsa na da rai.

Amin.